Ɗorin Baffa Ɗalhatu

Duk wanda ya yi zamanin kallon kokawa tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, in ka ce masa Barau, ba zai tambaye ka wane Barau ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuya kamar turmi, in ya kafa ƙafafunsa a yashi sai ka rantse saiwa suka yi. Bai iya surutu ba. Makaɗinsa Rabe shi ke yi masa maganar duniya da ganga, shi kuwa nasa ya shiga fili, ya kama mutum, ya ajiye shi, ya fito yana karkaɗe hannu. Yau in ka gan shi a tashar Gumel cikin adaidaita sahu yana jiran fasinja, da 'yar furfura a gemu, ba za ka ce shi ne ba. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, amma a ƙugunsa na hagu akwai ƙarfen da likitocin Kano suka sa masa. Mutane suna cewa kokawa ce ta ja masa. Kokawa ta yi nata, amma abin da ya cinye masa ƙuruciya a gida aka yi shi.

Barau bai san mahaifinsa ba sai a bakin mutane. Yana goye uban ya rasu, uwar ta yi aure can wajen Gagarawa, sai ƙanen uban, Baffa Ɗalhatu, ya ɗauke shi. Allah bai ba Baffa ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata duk sun tafi ɗakunansu, matarsa kuma ta riga mu gidan gaskiya. Saboda haka gidan mutum uku ne: Baffa, da ƙanwarsa Goggo Hajaratu wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da Barau. Goggo ke dama masa fura, Baffa ke murza masa jiki da man shanu duk ranar da ya dawo daga fili. Bai taɓa zuwa kallon kokawar yaron ba, wai ba girmansa ba ne, amma in Rabe ya zo ba da labari sai ka ga tsohon ya matso da buzunsa yana ta gyaran murya.

Baffa maɗori ne, gadon kaka da kakanni. Daga ƙauyukan iyaka, har daga tsallaken Nijar, ana kawo masa wanda ya faɗo daga bishiya da wanda sa ya taka. Ba ya yanka wa kowa kuɗi, abin da ka ba shi ya karɓa. Dukiyarsa guda ce, shi ne a ce ba a taɓa kwance ɗorin Ɗalhatu aka kai wa wani ba. A wajen maɗora babu zagin da ya kai wannan. In aka sake aikinka a wani wuri sai a ce hannun wane ya mutu, kuma daga ranar ko akuya ce ta karye, ta ƙofar gidanka za a wuce da ita ba a ko yi maka sallama ba. Barau ya tashi yana jin wannan magana kamar yadda yake jin kiran salla.

Shekarar da abin ya faru an yi kaka mai albarka, gero ya yi, kowa aljihunsa da nauyi. Wata Alhamis da la'asar, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, aka kafa fili a bayan karar shanu. 'Yan Damagaram sun zo da wani Dogo, wanda aka ce ya share maza tun daga Dungas, suna ta cika baki wai yau gajeren Najeriya zai ci ƙasa. Rabe ya saki taken Barau, wuri ya ɗauka.

An daɗe ana jan juna babu kaye. Can sai Dogo ya harɗe ƙafar hagun Barau da tasa, ya sakar masa nauyinsa gaba ɗaya, ya murɗa. Barau ya ji wani abu ya ce ƙas a can cikin kwatangwalonsa, kamar an taka busasshen kara, zafi ya taso daga matsematsi har gwiwa. Da mai hankali ne, da sai ya saki jiki ya faɗi, a kwashe shi. To amma ina hankali ga saurayi ɗan ashirin da bakwai ana kaɗa masa take? Ya cije, ya shiga ƙarƙashin Dogo, ya sunkuce shi ya nana da ƙasa. Fili ya kece da ihu, ana ta liƙa masa kuɗi a goshi. Sannan ya taka da ƙafarsa ya fita, a miƙe, domin ɗan kokawa ba ya ɗingishi a gaban mutanen wanda ya kayar. Rabe kaɗai ya lura gumin da ke zubo masa ba na kokawa ba ne. Ya rataya gangarsa, ya nemo babur, ya kai shi gida.

Baffa ya shimfiɗa shi a zaure, ya yi bisimilla, ya rufe ido yana bin ƙugun da yatsunsa. Ya daɗe yana laluba.

"Gocewa ce," in ji shi. "Ƙashi ya fita gurbinsa, ya koma bai zauna daidai ba. Ku riƙe mini shi."

Maza biyu suka danne shi, Baffa ya ja ƙafar, ya juya, ya tofa, ya shafa mai, ya ɗaure ƙugun tamau da tsohon rawani. A nan dole a yi wa tsohon adalci. Ƙashin hannu ko na ƙwauri yana kusa da fata, yatsa na jin sa. Ƙashin ƙugu kuwa a binne yake cikin nama, balle naman ɗan kokawa. Abin da ya samu Barau tsagewa ce a wuyan ƙashin cinya, can inda babu yatsan da zai kai, kuma sai bayan shekaru hoto ya nuna haka.

Barau ya yi makonni a kwance. Ranar da za a kwance ɗori zauren ya cika, har da mai unguwa da 'yan kokawar garuruwan kusa, kowa ya zo ganin ɗan gida a hannun mai gida. Baffa ya warware rawanin, ya ja da baya.

"Tashi, Barau. Taka mu gani."

Ya tashi, ya taka. Ya ji kamar an kafa masa ƙusa a matsematsi. Ya ɗaga kai ya dubi Baffa, ya ga tsohon yana murza gemu, ga mutane sun zuba ido.

"Yaya ka ji?"

"Garau, Baffa. Kamar ba a yi ba."

Aka ɗauki hamdala, mai unguwa ya ce ai hannun Ɗalhatu sai dai a yi masa addu'a. Barau ya yi murmushi tare da kowa. A ransa ya ce sabon tashi ne, kwana biyu zai wuce. Bai san ya rufe wa kansa ƙofa ba ne, don wanda ya ce garau a gaban mai unguwa, da wane baki zai dawo ya ce ciwo?

Da kaka ta zagayo Rabe ya zo da ganga, ya ce an sa sa mai ƙaho a Gumel, kuma Dogo na neman fansa. Barau ya sunkuyar da kai ya ce shi ya tuba, ya bar kokawa, harkar kiɗa da layu ba ta dace da musulmi ba. Kai, ka ga inda ƙarya ta yi farin jini! Liman ya yi wa'azi da shi ranar Juma'a, ya ce matasa su yi koyi. 'Yan gari suka laƙaba masa Ustaz. Mutumin da ko Ƙulhuwallahu sai ya yi da gaske, ga shi ana ba shi hanya a masallaci. Shi kuwa in yana gona ya jiyo ganga daga nesa, sai ya jingina da ashasha, wato doguwar hauyar nan da ake noma da ita a tsaye, ya yi ta haɗiyar zuciya har kiɗan ya mutu.

Ya sayi babur ya shiga acaɓa, kuma dabara ce, don a kan babur babu gurgu. Ya yi aure, ya kama gida a bayan na Baffa. Matarsa Kande ta haifa masa Zaituna, aka bi ta da wasu. Ɗingishi ya fara fitowa a hankali, ya ce sanyin ƙashi ne, irin na tsofaffin 'yan kokawa, mutane suka karɓa, kowa na kawo masa nasa jiƙon. Amma in zai shiga wajen Baffa, sai ya tsaya a bakin zaure ya ja numfashi, ya miƙe, ya taka 'yan takun nan daidai kamar soja, ya yi maza ya zauna. In ya fito sai ya dafa katanga yana haki.

Kande ba a yi mata wannan wasan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ke yanke masa farcen ƙafar hagu tunda hannunsa ya daina kaiwa. Ta ga yadda ƙafar take motsewa tana gajarta, ta ga ya koma ƙarshen sahu jikin bango don ya samu wurin miƙe ta a zaman tahiya. Wata rana da hantsi ta same shi yana fama da takalmi, ta durƙusa ta sa masa, ba ta tashi ba.

"Baban Zaituna, wai sai yaushe? Ga asibiti nan Gumel, ba Makka ba ce. A je a ɗauki hoto mana."

"Sanyi ne, Kande."

"Sanyin da ba ya jin bazara? Ni fa nake kwana da nishinka. Tun ranar Maigatari ƙafar nan ba ta koma daidai ba, kai ma ka sani."

"Ki rufa mini asiri. Kada in ji maganar nan a bakin kowa, balle ta shiga gidan can."

Ta rufa masa asiri kamar yadda ya ce, sai dai ta kai ƙara wajen Rabe. Rabe ya zo da dabara, wai Barau ya kai shi asibitin Gumel duba wani ɗan uwansa. Suna isa ya zare makullin babur ya jefa aljihu, ya ce ko a ɗauki hoton nan ko Ustaz ya koma gida a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan ya ɗaga hoton wajen taga, ya nuna musu ɓangaren dama, kan ƙashin cinya zagaye sumul cikin gurbinsa. Ya nuna na hagu, ya lotse, ya yi kaca-kaca. Ya ce tsagewar nan ta toshe hanyar jini, kan ƙashin yana mutuwa ne a hankali, kuma babu shafi ko jiƙon da zai tashe shi. Ya ce a tafi asibitin ƙashi a Kano, kuma kada a yi jinkiri, don kullum gurbin ma ci yake yi. Barau ya tambayi abu guda, ko bayan aikin mutum zai iya dawowa gida ba a gane ba. Likitan ya yi dariya, ya ce sai ya yi watanni da sanduna.

A ƙarƙashin wata bishiyar maina a bakin asibitin shi da Rabe suka yi ta.

"Namiji, mu tafi Kano," in ji Rabe. "In don abin kashewa ne, 'yan fili ba su manta da kai ba. Ni zan zaga da gangata."

"In dawo da sanduna biyu in bi ta ƙofar Baffa? Gari ya ce ɗorin da ya yi wa ɗansa ma sai da aka sake shi a Kano? Mutumin da ya tauna ya ba ni? Rabe, tsohon nan ba shi da gona mai yawa, ba shi da ɗa. Hannun nan shi ke nan abin da yake da shi."

"To ka same shi ku biyu, ka faɗa masa gaskiya."

"Da wane bakin?"

Rabe ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wallahi na gane. Kai dai jira kake tsoho ya mutu."

Barau ya ci kwalarsa har sai da ƙafafun Rabe suka bar ƙasa, sannan ya sake shi. Sun yi damina guda ba sa ga maciji. Abin da ya fi ƙona Barau shi ne maganar ba ƙarya ba ce. Bai taɓa fatan mutuwar Baffa ba, Allah shaida ne, da za a raba kwana da ya ba shi nasa. Amma a can ƙasan zuciyarsa ya ajiye Kano a wani lokaci da ba ya son kiran sunansa, kuma ga wani ya kira masa shi a bainar jama'a. Daga ranar, duk sanda ya gaida Baffa ya ce Allah ya ƙara nisan kwana, sai ya ji kunyar kansa ta rufe shi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ƙafar ta kai inda ba ya iya ɗaga ta ya haye babur, sai ya sayar, ya kwashe iyali ya koma Gumel, ya karɓi adaidaita sahu, wadda ake shiga a zauna kamar kujera. A gaskiya har da gudun idon Baffa a cikin ƙaurar, don yin soja sau ɗaya a mako ya fi sauƙi a kan kullum. Duk Juma'a yakan je da goro da 'yar tsarabar kilishi. Sau ɗaya tak tsohon ya taɓa maganar. Suna zaune a zaure, yana fere wata sanda, bai ɗago ba ya ce:

"Ƙafar nan fa, Barau?"

Ga ƙofa an buɗe wa Barau, babu kowa sai su biyu. Ya dubi hannuwan tsohon, duk sun yamushe, jijiyoyi sun fito.

"Sanyi ne kawai, Baffa. In damina ta wuce sai ya lafa."

"To. Allah ya sawwaƙe."

"Amin."

Shi ke nan. Baffa ya ci gaba da fere sandarsa, Barau ya shiga ba shi labarin tsadar fetur. Mu mutanen nan muna da kara, muna kuma alfahari da ita, amma wani lokaci karar nan ba ta da maraba da mugunta, sai dai ita da ladabi take kashe mutum.

Baffa ya rasu wata safiya cikin damina, bayan zazzaɓin kwana kaɗan. Kafin azahar garin ya cika, har da mutanen tsallake waɗanda ya taɓa ɗora wa hannu ko ƙafa. Da aka ɗauki makara Barau ya sa kafaɗa, bai yi nisa ba ƙafar ta ƙi, makarar ta karkata, wani ya yi maza ya karɓe shi. Ya bi baya yana ja, jama'a suna wuce shi. A bakin kabari aka tsaya jiransa. Liman ya ce:

"Ina ɗansa? Barau, sauka ka karɓi mahaifinka."

Ramin bai kai ƙugu ba, yaro ma zai sauka. Amma sai mutum ya durƙusa a ciki, ya karɓi gawa da hannu biyu, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla. Barau ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafar dama, ya nemi lanƙwasa ta hagu, ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya kama ta da hannu yana tanƙwarawa, har wata ƙara ta kuɓuce masa a gaban maza. Mutumin da ya ɗaga Dogo sama, ga shi zaune cikin jiƙaƙƙen yashi ya kasa sauka ramin da bai kai ƙugu ba. Rabe ya zo ta baya ya kama shi ta hammata ya janye shi. Wani maƙwabci, wanda ko dangi ba su haɗa ba, shi ya sauka ya kwantar da Baffa. Barau yana gefe yana kallo, hawaye na bin gemunsa, kuma duk wanda ke wurin ya ga abin da aka yi shekaru ana ɓoyewa.

Bayan an share makoki Goggo ta aika masa cewa bijimai biyun da ke turke a bayan gida nasa ne, haka Baffa ya bar wasiyya. Ya sayar da su a Maigatari, 'yan fili suka cika masa, shi da Kande da Rabe suka kama hanyar Kano.

Likitan ƙashin bai girme shi ba. Ya dubi hoton, ya dubi Barau, ya ce, "Malam Barau, ina ka shiga duk shekarun nan?" Barau ya ce yana nan. Likitan bai matsa ba, ya yi masa bayani dalla-dalla. Da a makon da abin ya faru ya zo, da ƙusoshi kawai za a sa a riƙe tsagewar, wataƙila ya ci gaba da zama da ƙashin da Allah ya halicce shi da shi. Yanzu kuwa sai a yanke mataccen kan, a sa na ƙarfe, a gyara gurbin a sa masa wani. Ya ce irin wannan aiki an fi yi wa tsofaffi, don abin yana cinyewa da amfani, kuma mai shekarun Barau yana iya buƙatar a sake masa nan gaba. Zai yi tafiya, zai yi tuƙi, zai yi noma daidai gwargwado. Kokawa da ɗaukar buhu kuwa, ya yi musu sallama. Barau ya ce ai ya daɗe da yi.

Ranar aikin ma'aikaciyar jinya ta ce a cire duk abin da ke jiki. Kande ta kwance masa gurun layun da ke ƙugunsa tun yana saurayi, ta naɗe a gefen zane, kada a ga Ustaz da guru. Aka yi masa allura a baya, rabin jikinsa ya mutu, amma kunnensa na ji. Yana jin ana bugun ƙarfe kamar a maƙera, yana kallon rufin ɗaki yana salati.

Washegari suka ce ya tashi. Ya zaci wasa ne, shi da ya san ɗori da makonnin kwanciya. Aka ba shi abin dafawa, ya sauke ƙafa, ya taka. Akwai zafin yanka, wannan dole ne. Amma ƙusar nan da ya kwana da ita ya tashi da ita tun yana saurayi, ya neme ta ya rasa. Ya sake takawa, babu ita. Kande ta rufe baki tana hamdala, Rabe yana cewa da an bar shi ya shigo da ganga. Barau kuwa ba daɗi ya ji ba, wani baƙin ciki ne ya tokare masa ƙirji. Ashe abin ke nan? Aikin rabin yini? Ya tuna kokawar kaka da ta yi ta wuce shi shekara bayan shekara, ya tuna 'ya'yansa da bai taɓa ɗora ko ɗaya a wuya ba, ya tuna bakin ramin nan. Ya ce a mayar da shi gado, ya juya fuska wajen bango. Da na sani ƙeya ce, kuma ranar ya san nauyinta.

Ya yi watanni yana zuwa gashin ƙashi, yana koyon tafiya kamar yaro, daga sanduna biyu zuwa ɗaya, har ya ajiye. Juma'ar farko da ya ji ƙafa ta zama tasa, ya tafi Sule Tankarkar gaida Goggo. Ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ya ratsa zaure ya shigo, kafin ya yi sallama ta ɗago kai.

"Wane ne?"

"Ni ne, Goggo. Barau."

"Barau? A'a. Barau nawa tun daga bakin titi nake jin sa, ɗaya ta taka ɗaya ta ja, sai ya zo zaure ya gyara." Ta miƙo hannu, ya durƙusa a hankali yadda aka koya masa, ta shafa fuskarsa. "Kai ne kuwa. Ashe sun yi. Allah sarki Yaya, bijimansa sun yi aikinsu."

"Bijimansa kamar yaya, Goggo?"

Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe.

"Ai na Kano ne, ɗan nan. Haka yake kiransu. Tun shekarar da ka ce ka tuba ya ɗaure su. In sun tsufa ya sayar ya sayi wasu, ko shekarar da gero ya ƙi bai yarda an taɓa su ba. Ya ce na ranar da Barau zai buɗe baki ne."

Barau ya tashi daga durƙuson. Ya zauna sosai a kan turmin da ke kife.

"Ya sani?"

"Maɗori ne fa. Tun ranar da ka taka a zaure ka ce garau, ya shigo nan ya ƙi cin tuwo. Ya ce, Hajaratu, hannuna ya yi kuskure a kan yaron nan. Ba ka lura ba ne, daga shekarar bai ƙara taɓa ƙugun kowa ba. Duk wanda aka kawo, sai ya ce a wuce da shi Gumel."

"To don me bai faɗa mini ba?"

"Na yi masa magana har na gaji. Sai ya ce, yaron da bayansa bai taɓa ƙasa ba, ni zan dube shi in ce masa ya nakasa? Kina gani yana cije baki yana miƙewa a gabana don kada in ji kunya. In na yi magana na zubar masa da wahalarsa. Bari ya faɗa da kansa, ko da kalma ɗaya ce, a ranar zan sa shi a mota. Ya ce sunan banza, a ce hannun Ɗalhatu ya mutu mana, in dai yaron zai taka. Rannan da ya tambaye ka, da ka tafi, a nan ya zauna yana kuka kamar mace."

"Ke fa, Goggo? Ke me ya hana ki?"

"Ya hana ni, ya ce in na faɗa bai yafe ba. Kuma ni ma ai 'yar gidan ce, ɗan nan. Ciwon da ke jikinku shi ke jikina."

Awaki na ta cin ɓawon gyaɗa a gefensu. Barau ya rasa wanda zai yi wa faɗa, kansa ko tsohon da ke kwance a maƙabarta. Can Goggo ta goge ido da bakin mayafi.

"Tashi ka yi tafiya in ji."

Ya tashi, ya taka daga bakin rumbu zuwa ƙofar zaure, ya dawo. Ta karkata kai tana saurare.

"Ƙara."

Ya ƙara. Ƙafa biyu suna sauka daidai a kan daɓe, babu ja, babu cije baki.

"To, ya isa," in ji Goggo. "Abin da ya so ya ji ke nan, ko sau ɗaya. Duk Juma'a sai ya sa a share masa zaure, ya zauna ya kasa kunne yana jiran takunka, ya ce wataƙila yau."